Henrietta Lacks: Matar da ta rasu tun 1951 amma ƙwayoyin jikinta ba su daina hayayyafa ba

Duk wanda ya taso a Illela ya san ma'aikatan rigakafin shan inna. Za ka gan su da akwatin sanyi rataye a kafaɗa suna bi gida-gida, ko a bakin iyaka inda motocin Ƙonni ke tsayawa, ko a tasha ranar Lahadi da kasuwa ke ci. A ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a wuce gaba. Da yawanmu masu karanta wannan shafi haka aka yi mana muna goye. Sai dai ƙalilan ne suka san cewa a farkon yaƙin da duniya ta yi da wannan cuta akwai hannun wata mata baƙar fata, manomiyar taba, wadda karatunta bai wuce aji shida na firamare ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san ta ba da gudunmawar komai ba.

Sunanta Henrietta Lacks. Yau shafin matasa zai bi tarihinta, kuma a kan hanya za mu leƙa cikin bakinmu, domin wani ɓangare na labarinta ya ratsa ta nan.

Yarinyar gonar taba

An haife ta ranar 1 ga Agustan 1920 a garin Roanoke da ke jihar Virginia a Amurka. Sunan da aka raɗa mata Loretta Pleasant, daga baya ne ta koma Henrietta. Tana da shekara 4 mahaifiyarta Eliza ta rasu wajen haihuwa ta goma. Mahaifin ya ga ba zai iya riƙe yaran shi kaɗai ba, sai ya kwashe su zuwa ƙauyen Clover ya rarraba wa dangi, kamar dai yadda ake yi a nan idan mace ta rasu ta bar ƙananan yara. Henrietta ta faɗa hannun kakanta na wajen uwa, Tommy Lacks. Gidan da suka zauna na katako ne, kuma a da can ɗakin bayi ne a gonar da kakanninta suka yi bauta.

Tun tana ƙarama ta san aikin gona: ba dabbobi abinci da asuba, sannan a shiga gonar taba har yamma. A gidan kakan nata akwai wani jikan, ɗan'uwanta David, tare suka tashi, kuma shi ta aura. Ta haifi ɗanta na fari, Lawrence, a 1935 tana da shekara 14. A 1939 ta haifi 'ya mace, Elsie, wadda ta taso da lalurar farfaɗiya kuma ba ta magana. An ɗaura musu aure ranar 10 ga Afrilun 1941.

A shekarar ce suka bar noma suka tafi ci-rani jihar Maryland. Yaƙin duniya na biyu ya sa ana neman ƙarfe ido rufe, David ya samu aiki a masana'antar ƙarafa ta Sparrows Point, suka zauna a Turner Station, unguwar baƙar fata a gefen birnin Baltimore. Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da son mutane. Gidanta ne masaukin 'yan ƙauyensu da suka zo birni neman aiki, ta dafa ta ba su, ta nema musu wurin kwana. Tana son rawa da kwalliya, musamman jan farce. A Maryland ta ƙara haihuwar uku: David ƙarami, Deborah, da auta Joseph, wanda da ya girma ya musulunta ya koma Zakariyya.

Ƙullin da ta ji a cikinta

'Yan watanni bayan haihuwar autan, Henrietta ta riƙa ganin jini ba lokacin al'ada ba, tana kuma jin wani ƙulli a mararta. Ranar 29 ga Janairun 1951 ta je asibitin Johns Hopkins. A lokacin wariyar launin fata na da ƙarfi a Amurka, kuma wannan asibiti na cikin ƙalilan ɗin da ke karɓar baƙar fata a yankin, shi ma ɗakunan kwanciyarsu daban ne da na Turawa. Likitan mata Howard Jones ya duba ta, ya ga wani ƙari a bakin mahaifa wanda da an taɓa shi sai jini. Gwaji ya nuna sankarar bakin mahaifa ce.

Maganin wancan zamani shi ne sinadarin radiyom. Ana zuba shi a ƙananan bututu a ɗinke a jikin ƙarin don ya ƙone shi. A farkon Fabrairu, tana kwance an sa mata maganin barci za a yi mata wannan aiki, likitan tiyata ya yanki ɗan nama guda biyu, ɗaya daga ƙarin, ɗaya daga lafiyayyen wuri. Takardar da ta sa wa hannu ta amincewa da tiyata ce kawai. Babu wanda ya gaya mata za a ɗebi wani abu daga jikinta don bincike, kuma a lokacin babu dokar da ta tilasta a nemi izinin.

An kai naman ɗakin gwaje-gwajen George Gey, shugaban sashen renon ƙwayoyin halitta na asibitin. Jikin mutum, kamar yadda muka koya a makaranta, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace na rabuwa biyu don a samu sababbi. Gey da matarsa Margaret sun shafe shekaru suna ƙoƙarin ganin ƙwayoyin mutum sun rayu a cikin kwalba, a wajen jiki. Abincin da suke haɗa musu sai ka ce haɗin boka: ruwan jinin kaza, da ruwan ɗan tayin saniya, da jinin cibiyar jarirai. Duk da haka ƙwayoyin kan yi 'yan kwanaki ko makonni ne su mutu.

Wata ma'aikaciya mai suna Mary Kubicek ce ta yayyanka naman Henrietta ta zuba a kwalaben gwaji. Ta ɗauki haruffa biyu na farkon kowane suna ta rubuta a jiki: HeLa. Ƙwayoyin lafiyayyen wurin suka mutu kamar yadda aka saba. Na ƙarin kuwa suka ƙi mutuwa. Kusan duk bayan awa 24 sai yawansu ya ninka. A raba su a sababbin kwalabe, su cika, a sake rabawa, su sake cikawa. Wannan ne karo na farko da aka samu ƙwayoyin ɗan Adam masu hayayyafa a kwalba ba iyaka.

Yadda suke gudu a kwalba, haka suke gudu a jikinta. Zafin maganin ya ƙone mata fatar ciki, ƙarin kuma ya bazu. Ranar 8 ga Agusta aka kwantar da ita, ba ta sake komawa gida ba. Ta rasu ranar 4 ga Oktoban 1951 tana da shekara 31, ta bar 'ya'ya biyar, autan na da kimanin shekara ɗaya. Aka mayar da gawarta Clover aka binne ta a maƙabartar dangi, ba ko alama a kan kabarin. Elsie, wadda aka riga aka kai asibitin masu taɓin hankali na baƙar fata a Crownsville, ta rasu a can a 1955.

Daga Baltimore zuwa duniya

Gey bai sayar da ƙwayoyin ba. Duk masanin da ya nema sai ya aika masa kyauta, shi ma ya ba wani. Sa'a kuma aka yi, lokacin ya zo daidai da ƙamarin shan inna a Amurka. Jonas Salk ya haɗa allurar rigakafi, amma kafin a yarda da ita dole a gwada jinin dubban yara a ga ko garkuwa ta samu. Ana yin wannan gwaji ne da ƙwayoyin ƙodar biri, ga tsada ga wuyar samu. Sai aka gano cewa ƙwayar cutar shan inna na kama HeLa ta kashe su cikin sauƙi. To ka ga hanya ta samu: a haɗa jinin yaro da ƙwayar cutar a zuba a kan HeLa. Idan ƙwayoyin sun rayu, jinin na da garkuwa. Idan sun mutu, babu.

Aka kafa wata cibiya a makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama, makarantar baƙar fata, inda masana baƙar fata irin su Russell Brown da James Henderson suka riƙa renon HeLa suna aika dubban kwalabe duk mako. A 1954 aka yi babban gwajin allurar Salk da yara kimanin miliyan 1.8, ranar 12 ga Afrilun 1955 aka sanar da cewa tana aiki. Ɗigon baki da ake yi mana a nan na Albert Sabin ne, ya zo bayan na Salk, amma wancan gwaji ne ya fara nuna wa duniya cewa ana iya karya lagon cutar. Najeriya ta ga mutum na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta daji ta kama a 2016 a jihar Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Daga nan HeLa ta shiga kusan kowane lungu na binciken lafiya. Da ita Harry Eagle ya tantance abubuwan da ƙwayar halitta ke buƙata don ta rayu, ya haɗa ruwan reno da har yau ake kira da sunansa. Da ita aka yi nazarin yadda ƙwayar cutar ƙanjamau ke shiga jiki, a 2020 ma an yi amfani da ita wajen gano ƙofar da korona ke bi. Kamfanoni suka fara reno suna sayarwa, kuɗi suka shigo.

Abin da ke cikin bakinka

Yanzu ka ɗan zagaya harshenka a cikin kuncinka. Wannan laushin da ka ji rufi ne na ƙwayoyin halitta, hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Na can ƙasa su ne masu rabuwa. Sababbi na tura tsofaffi sama, na saman su baje su yi faɗi, daga ƙarshe su saɓule su bi yawu. Cikin kimanin mako biyu rufin kunci ya sabunta kansa, ya fi fatar jiki sauri. Shi ya sa idan shayi mai zafi ya ƙone ka a teburin mai shayi, ko ka ciji kuncinka, kwana kaɗan ka manta, kuma da wuya ya bar tabo.

Wannan baiwa ta sa masana ke son renon ƙwayoyin baki a ɗakin gwaje-gwaje, amma fa suna da wuyar sha'ani. Ana yanko ɗan nama da bai fi 'yan ƙwayoyin shinkafa ba. Da yake baki matattarar ƙwayoyin cuta ne, sai an wanke shi da magungunan kashe su, in ba haka ba kafin gari ya waye sun lalata komai. Sannan a sa wani sinadari da ke warware ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, a zuba su a faranti na roba cikin ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri da bitamin da sauran abinci. A ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37.

Idan ka duba da madubin likita, za ka ga sun nutse sun manne a ƙasan farantin, sun baje, sun fara rabuwa. Sukan taru rukuni-rukuni, kowace manne da 'yar'uwarta kamar jeren duwatsun daɓe. Idan rukunan suka haɗu farantin ya cika, sai su rage gudu. Idan aka ƙara sinadarin kalsiyam a ruwan, sai su fara hawa kan juna, na sama su yi faɗi, kamar suna ƙoƙarin sake gina rufin da suka baro a baki. Akwai kuma wasu ƙwayoyi dogaye na naman da ke ƙarƙashin rufin, waɗanda idan suka biyo su cikin farantin sukan fi su sauri su mamaye wurin.

Babban abin lura shi ne suna tsufa. Bayan an sauya musu faranti 'yan lokuta sai su kumbura, su baje, su daina rabuwa. Leonard Hayflick ya nuna a 1961 cewa lafiyayyar ƙwayar mutum na rabuwa ne kamar sau 50 ta tsaya, na rufin baki kuwa sau da yawa ba sa ma kaiwa haka. Sai a 1975 James Rheinwald da Howard Green suka samo dabarar tsawaita rayuwar irin waɗannan ƙwayoyi na fata: a fara shimfiɗa ƙwayoyin ɓera da aka hana rabuwa, su zama kamar masu reno, sannan a zuba na mutum a kai. Ita kanta dabarar shimfiɗa masu reno, Theodore Puck da Philip Marcus ne suka fara ta a 1955, kuma da HeLa suka yi. A 2004 likitoci a Japan ƙarƙashin Kohji Nishida suka ba da rahoton cewa sun reni ƙwayoyin bakin marasa lafiya har suka zama siririyar shimfiɗa, suka ɗora ta a gaban idon da ya lalace, gani ya inganta.

Bakin da ba baki ba

To a shekarun 1950 duk ba a san wannan ba. Shi ya sa da Harry Eagle ya sanar a 1955 cewa ya samu ƙwayoyi daga sankarar bakin wani Bature masu hayayyafa ba tsayawa, aka yi murna. Ya sa musu suna KB. Duk mai son nazarin sankarar baki sai ya nemi KB. Cibiyar binciken sankara ta Amurka ta mayar da su ma'aunin gwada tsirrai: a jiƙa saiwa ko ɓawo ko ganye, a zuba ruwan a kan KB, a ga ko zai kashe su. Ta haka ne a 1964 aka ga ƙarfin ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka, wadda Monroe Wall da Mansukh Wani suka fitar da maganin Taxol daga cikinta. Har yau ana ba masu sankarar mama da ta ƙwan mace wannan magani.

A watan Satumban 1966, a wani taron masana a Bedford da ke jihar Pennsylvania, wani masanin gado mai suna Stanley Gartler ya tashi ya jefa dutse a kasuwa. Ya bincika aƙalla jerin ƙwayoyi 18 da kowa ya ɗauka daga mutane daban-daban suka fito: wannan na hanta, wancan na hanji, wani na maƙogwaro, ga kuma KB na baki. Ya duba wani sinadari da ake kira G6PD, wanda likitocinmu kan duba ƙarancinsa idan jariri ya yi shawara. Sinadarin na da nau'o'i, kuma nau'in A kusan a jikin 'yan asalin Afirka kaɗai ake samunsa. Gaba ɗaya ƙwayoyin nan nau'in A ya gani, alhali yawancinsu an ce daga Turawa aka ɗebo su. Ya tuntuɓi Gey, Gey ya tabbatar masa cewa mai HeLa baƙar fata ce. Ashe duk Henrietta ce.

Yaya aka yi haka? Abu ne mai sauƙi. Ma'aikaci ya tsoma bututu a kwalbar HeLa ya sake tsoma shi a wata, ko ɗigo ɗaya ya fantsama, ko a yi kuskuren rubutu a jikin kwalba. Ƙwaya ɗaya tak ta isa. Su na asalin suna tafiyar hawainiya suna tsufa, ita kuwa tana ninkawa kullum. Manomi ya san abin da ƙuduji ke yi wa gonar gero. Kafin a ankara ta cinye farantin, sunan da ke jikin kwalba kuma bai canza ba.

Masana da yawa suka ƙi yarda, domin amincewa na nufin aikin shekaru ya tashi a banza. Walter Nelson-Rees ya ɗauki yaƙin a shekarun 1970, yana wallafa sunayen gurɓatattun ƙwayoyi, ya yi baƙin jini a wurin abokan aikinsa. Duk da haka har bayan shekarar 2000 ana samun rahotannin bincike da ke kiran KB ƙwayoyin sankarar baki. Kamar mutum ne ya sayi irin albasa a kasuwa aka ce masa ɗan Galmi ne, ya shuka ya ga wani abu daban ya fito, amma ya ci gaba da raba wa maƙwabta da sunan ɗan Galmi. Yanzu dai manyan mujallun kimiyya da dama na neman mai bincike ya yi wa ƙwayoyinsa gwajin DNA ya tabbatar da asalinsu kafin a buga aikinsa.

Iyalin da aka bari a duhu

Duk wannan abin da ake yi, 'ya'yan Henrietta ba su sani ba. Jaridu ma sunan bogi suke kiranta da shi, Helen Lane. Sai a 1971, bayan rasuwar Gey, aka buga sunanta na gaskiya a wata mujallar likitoci. Iyalin suka ji labari a 1973, shi ma a bakin wani baƙo wajen hira. A daidai lokacin masu bincike suka zo ɗibar jinin mijinta da 'ya'yanta, don su samu alamomin gado da za su riƙa gane HeLa da su a cikin gurɓatattun kwalabe. Ba a yi musu bayani yadda za su gane ba. Su a zatonsu ana duba su ne ko suna da cutar da ta kashe mahaifiyarsu. Deborah ta daɗe cikin fargaba tana jiran sakamakon da ba zai zo ba. Ana cinikin ƙwayoyin uwarsu a duniya, wasu daga cikinsu ko inshorar lafiya ba su da ita.

Deborah ce ta dage sai ta san wace ce mahaifiyarta. Ta haɗa kai da marubuciya Rebecca Skloot suka shafe shekaru suna bin diddigi. Deborah ta rasu a 2009, littafin ya fito a 2010, daga nan duniya ta san sunan. A shekarar ce kuma wani likita, Roland Pattillo, ya ba da dutsen da aka kafa a inda ake kyautata zaton kabarinta yake.

A watan Maris na 2013 wasu masana a Jamus suka wallafa cikakken kundin gadon HeLa a intanet ba tare da tuntuɓar iyalin ba, alhali kundin gadon uwa na tona sirrin lafiyar 'ya'ya da jikoki. Aka yi ca, suka janye. A watan Agusta hukumar binciken lafiya ta Amurka ta cimma yarjejeniya da iyalin: duk mai son duba kundin sai ya nemi izinin wani kwamiti da ke da wakilan iyalin biyu. Ranar 13 ga Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama Henrietta a Geneva, ɗanta Lawrence, yana tsoho mai shekara 86, ya karɓi lambar. A watan ne magadanta suka maka kamfanin Thermo Fisher Scientific a kotu kan cinikin ƙwayoyin, ranar 1 ga Agustan 2023 aka sanar an sasanta, ba a bayyana adadin kuɗin ba. Asibitin Johns Hopkins ya ce shi bai taɓa sayar da HeLa ko cin ribarta ba, amma ya yarda ya kamata a ce ya kyautata wa iyalin fiye da yadda ya yi.

Me ya hana su mutuwa?

Amsar ta zo a shekarun 1980. Bajamushe Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka gano cewa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa, aka kuma samu nau'inta na 18 a cikin HeLa. Cutar ta cusa gadonta cikin na Henrietta ta lalata birki biyu da ke hana ƙwaya rabuwa barkatai. Bayan haka, a ƙarshen kowane zaren gado akwai wani abu kamar ƙullin bakin igiya da ke raguwa duk lokacin da ƙwaya ta rabu, idan ya ƙare ta tsufa. Ƙwayoyin HeLa na sabunta nasu ƙullin kullum. Wannan binciken ya kai ga allurar rigakafin HPV, ya kuma ba zur Hausen kyautar Nobel a 2008. Wasu nau'o'in cutar na haddasa sankarar maƙogwaro da can cikin baki, har ga maza.

Ina ruwanmu a Illela?

Ruwanmu da yawa. Cutar da ta kashe Henrietta na nan tana kashe iyayenmu mata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, sau ɗaya tak, a 2024 aka faɗaɗa zuwa sauran jihohi. Jinin da ke zuwa ba lokacinsa ba, irin wanda Henrietta ta gani, abin zuwa asibiti ne tun da wuri, kunya ba ta magani.

Na san da an ce allura wasu za su ɗaga gira, kuma tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma yaranmu ne suka biya farashin da ƙafafunsu. Darasin Baltimore da na Kano ɗaya ne: idan aka taɓa jikin mutum ba da saninsa ba, amana ce ake karyawa, kuma gyaranta na ɗaukar shekaru. Yau Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ɗibar nama ko jinin mutum ba da amincewarsa ba, bincike a kan mutane kuma sai kwamitin ɗa'a ya duba. Saboda haka idan aka miƙo maka takarda a asibiti, haƙƙinka ne ka ce a fassara maka da Hausa, ka tambayi me za a ɗiba, ina za a kai, me za a yi da shi. Idan kai ne mai boko a gidanku, wannan aikin naka ne ranar da aka kai inna ko ƙanwa asibiti.

Batun baki ma bai yi mana nisa ba. A cikin Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka buɗe a 1999. Cuta ce da ke farawa da gyambo a dasashin yaro mai fama da tamowa, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe, alhali idan an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Likitocin da ke gyara fuskokin yaran nan na buƙatar duk wani ilimi kan yadda rufin baki ke tsiro da warkewa. Masu karatun kimiyyar lafiya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantunmu, ga fage nan a ƙofar gida.

Idan Allah ya sa wani daga cikinku ya tsinci kansa a irin wannan ɗakin bincike, wata rana za a miƙo masa kwalba da haruffa huɗu a jiki. Ya tabbatar da abin da ke ciki kafin ya rubuta komai a kai. Ya kuma tuna cewa mai ƙwayoyin uwa ce ta 'ya'ya biyar daga ƙauyen Clover, wadda ta je asibiti neman magani ranar 29 ga Janairun 1951.